Tulun Mama

"Dadi ya ce ki kawo tulun ranar Lahadi."

Haka Barnaba ya jefo min maganar, ko gaisuwar kirki bai gama ba. Muna zaune a kan bencin maƙwabciyarmu Balkissa, a ƙofar gidan hayarmu da ke Agege, da yammacin Juma'a. 'Yan okada sai tsere suke a layin kamar an biyo su.

"Wane tulu?" na ce, alhali na sani. Tulu ɗaya ne tak a gidanmu.

Dadi shi ne babban faston cocin su Barnaba da ke Iyana Ipaja. Bai haifi kowa a cikinsu ba, amma har masu furfura haka suke kiransa. Tulun kuwa na marigayiya mahaifiyata ne, Mama Damaris. Ba na ruwa ba ne, na kiɗa ne, mai rami a gefe, irin wanda matan zumunta ke bugawa a majami'armu in sun tashi yin waƙa. Tunda ta rasu yake saman kabad a naɗe cikin zanenta na zumunta.

"Kezi, ki saurare ni da kyau," ya ce, ya matso. "An nuna wa Dadi cikin ruhu. Ya ce akwai wani abin yumɓu a gidanku da ya fito daga dangin uwa, kuma akwai alkawarin mutuwa a kansa. Kakarki ba ta tsufa ba. Mama ba ta tsufa ba. Ya ce ke ce ta gaba."

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Ko wace ce aka ce mata ita ce ta gaba, sai ta tsorata.

"To sai a yi yaya da shi?"

"A fasa shi a gaban bagade. Shi ke nan, sai Dadi ya sa mana ranar aure."

Na kalle shi, na sake kallonsa. Wannan fa Barnaba ne da muka tashi tare a ƙaramar majami'armu ta Hausa da ke bayan layin dogo, inda mutanen kudancin Kaduna da Filato da Gombe ke taruwa duk Lahadi, masu gadi, tsofaffin sojoji, masu aikin gidajen manya. Yana cikin ƙungiyar mawaƙa, kuma in Mama ta fara buga tulun nan ba wanda ya kai shi rawa, har sai dattawa sun harare shi.

Hatsari ne ya raba shi da mu. Danfo, motar hayar nan ta Legas, ta buge shi a hanyar Ojo yana dawowa daga shagon gyaran janareta da yake aiki, likita ya ce sai dai a yanke ƙafar. Mutanenmu suka je asibiti da lemo da ayaba, suka yi waƙa a hankali, suka roƙi Allah ya yi nufinsa. Mutanen Iyana Ipaja suka zo suka kewaye gadon, suka yi ta tsawata wa ƙafar har ma'aikatan jinya suka kore su. Ƙafa dai ba a yanke ba.

Ni har yau ban san addu'ar wa Allah ya amsa ba. Barnaba ya sani, bai taɓa shakka ba.

"Wa ya gaya wa Dadi muna da tulu?" na tambaye shi.

"Na ce miki cikin ruhu ne."

"Barnaba, dube ni. Wa ya gaya masa?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin shago. "A ajin masu shirin aure an ce kowa ya faɗi abin da aka gada a gidan wadda zai aura. Na faɗa. Amma I swear, Kezi, tun kafin in buɗe baki Dadi ya ce yana jin warin ƙasa."

"Da damina a Legas wa ba ya jin warin ƙasa?"

"Kin gani ko? Wasa kike da abin da zai kashe ki!"

Ya faɗa da ƙarfi har Balkissa ta leƙo daga inda take dama fura. Da ya ɗago, sai na ga idanunsa sun cika taf, duk tsiwar da na shirya ta gudu ta bar ni.

"Ni na riƙe gefen akwatin Mama ranar da aka ɗauke ta," ya ce. "Na ga yadda kika faɗi a ƙasa. Tun ranar da Dadi ya yi maganar nan ban yi barcin kirki ba, da na rufe ido sai in ga akwati, in ga ke ce a ciki. Tukunya ce fa kawai, Kezi. In saya miki goma a kasuwa. Ke kuwa ina zan samo wata?"

"In tukunya ce kawai, me ya sa kake tsoronta?"

Ya kau da kai. Ni kuwa kuka ya riga ya ci ƙarfina. Muka zauna gefe da gefe muna hawaye kamar waɗanda aka aiko wa saƙon rasuwa, masu wucewa na kallonmu.

Da zai tafi ya ce, "Zan zo da keke napep da safe ranar Lahadi. Don Allah kada ki ba ni kunya a gaban Dadi."

Bayan ya sha kwana Balkissa ta fito ta zauna a inda ya tashi. 'Yar Maraɗi ce, Musulma, tare suka yi zaman shekaru da Mama ba a taɓa jin kansu ba.

"Fardon, ki yi haƙuri Keziya, kunnena ne ya ji ba ni ba," ta ce. "Ni ban san kan addininku ba. Amma in Madam Damaris na gwajin kiɗanta ran Asabar, ko ina cikin ɓacin rai sai in ji zuciyata ta sauka. Abin da na sani ke nan."

Ta miƙo min fura a kofi. Na karɓa, na kasa sha.

Kada a ce ina ƙin cocin su Barnaba ne don ban san ta ba. Na je, ba sau ɗaya ba. Na ga fitilu masu launi, na ji kiɗan da ke girgiza ƙirji, na ga dubban mutane suna addu'a lokaci guda, kowa da nasa, wasu na buga ƙafa, wasu na harsuna. Wata rana wata mata da ban sani ba ta rungume ni ta yi min addu'a da Yarbanci, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Mama, na fito sakayau. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan ci amanarsa ba.

Namu kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Wa'azi ya yi ta ja har mai gadin da ya kwana a bakin aiki ya fara munshari a benci. Waƙoƙin da kakanninmu suka yi su muke yi, a yadda suka yi su. Wani lokaci in ga kamar a can suna yi wa Allah magana ne kamar wanda ya yi nisa sai an ɗaga murya, mu kuma muna lallaɓawa kamar muna gudun kada mu tashe shi daga barci.

Ni dai inda na fi samunsa shi ne a bakin keken ɗinkina, in zare ya ƙi shiga allura na ce "Uba, taimake ni", ko a cikin danfo in an tsaya cak a go-sulo, zufa na zuba, na rufe ido na gode masa don na samu wurin zama. Sai kuma lokacin da Mama ke buga tulun nan. Sautinsa ba ya da ƙara, daga ƙasa yake tasowa, a ciki ake jin sa kafin a ji shi a kunne. Tun ina goye a bayanta nake jin sa, shi ya sa ko yanzu in an ce Allah yana kusa, sautin nan ne ke fara zuwa min a rai.

Ga kuma inda abin ya ɗaure ni tamau. A majami'armu budurwa ba ta zama cikin matan zumunta, ba ta ɗaura zanensu, ba ta taɓa kayan kiɗansu. Sai matar aure. Mama tana kwance a gadon asibiti ta riƙe hannuna ta ce, "Keziya, Lahadin da ta biyo bayan aurenki, ki ɗaura zanena ki zauna a wurina ki buga." Tun daga ranar matan suke barin gurbinta a benci, suna maneji da wani ƙaramin tulu mai muryar gwangwani.

Aure ne kaɗai zai ba ni izinin buga tulun. Yanzu kuma an ce sai na fasa tulun za a yi auren.

Ranar Asabar na samu Baba yana goge rigarsa ta zuwa sujada. Baba Irimiya dattijon ikilisiya ne, ya yi gadi a wani kamfani a Ikeja har ƙafafunsa suka gaji. Ya daɗe yana ƙin maganar Barnaba. Cewa yake wanda ya raina majami'ar da ta yi masa baftisma, wata rana zai raina matar da ya aura. Shi Habila yake so min, shugaban mawaƙanmu, malamin makaranta, mutumin kirki wanda in ya zo zance sai ya zauna ya yi ta hira da Baba har in yi barci. Sai da Mama Lidiya, shugabar matan zumunta, ta kwaso mata suka zo suka durƙusa masa kafin ya sauko ya yarda da Barnaba. Har an shirya gobe Lahadi a yi shelar aurenmu ta farko a majami'a, kamar yadda ake yi wa duk 'yar ikilisiya ko da a wata cocin za a ɗaura.

Na durƙusa na gaya masa komai. Na zaci zai yi faɗa, ya ce ai ya faɗa min. Da ya yi hakan da na ji sauƙi.

Sai ya ajiye dutsen guga a hankali, ya zauna a bakin gado.

"Kin san wa ya gina tulun nan?"

"Kaka."

"Kin san don me?"

Na girgiza kai.

"A ƙauyensu, da aka fara majami'a, masu wa'azi suka hana ganga. Suka ce ganga ta dodo ce. Mutane suna waƙa ba kiɗa, kamar miya ba gishiri. Kakarki maginiyar tukwane ce. Shekarar da aka yi mata baftisma danginta suka kore ta, ta zauna a bayan majami'a ta gina wannan. Ta ce tulu dai kayan mata ne, ba wanda zai ce na dodo ne. Bai taɓa shiga gidan dodo ba, ɗakin sujada ya sani." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ashe an ajiye masa zargin ne sai ya zo Legas."

"Baba, to mutuwarsu fa? Ya ce ba su tsufa ba."

"Kakarki wajen haihuwa ta tafi, babu asibiti a kusa. Mamanki hawan jini ne, ke kika riƙa karɓo mata magani. Keziya, ni ma ina tambayar Allah me ya sa ya ɗauke ta ya bar ni. Bai ba ni amsa ba tukuna. Amma ban ɗora wa tukunya laifi ba."

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi ta kuka. "Baba, ina son sa. Ba mugu ba ne. Tsoro yake ji."

"Na sani. Yaron nan a hannuna ya girma."

"To ka ce min in yi kaza. Ka hana ni, ko ka ce in kai. Duk wanda ka faɗa zan yi."

Ya ɗora hannunsa a kaina.

"Da na hana ki aurensa, kin yi wata ba ki ci abinci da ni ba," ya ce. "Ba zan ƙara ba. Ba ni aka bar wa tulun ba, ke aka bar wa."

Ya tashi ya ci gaba da gugarsa. Na lura wuri ɗaya yake ta gogewa a hannun rigar.

Lahadi da safe Baba ya riga ni fita, domin dattawa kan yi addu'a kafin sujada. Bai kalli saman kabad ba, ni ma bai kalle ni ba. Na hau kujera na sauko da tulun. Zanen har yanzu yana ƙanshin man da Mama ke shafawa.

Na ce a raina, Uba, ka san ban yarda da maganar nan ba. Amma yumɓu ne, Barnaba kuma mutum ne. In fasa shi zai sa ya yi barci, ka gafarta min, Mama ma ta gafarta min.

Da ya gan ni na fito da shi, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. "Thank you, Jesus," ya ce, ya buɗe min wuri a cikin keken. Bai karɓi tulun ba dai, ko yatsa bai kai kusa ba.

Muka kama hanyar Iyana Ipaja. Yana ta ba ni labarin ɗakin da ya gani a Abule Egba, mai famfo a ciki, da labulen da zan ɗinka mana. Ina jin sa, ina gyaɗa kai, tulun na kan cinyata.

Muna cikin tafiya keken ya faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe. Na yi sauri na tare tulun kada ya faɗi, tafin hannuna ya sauka daidai kan ramin gefensa.

Ya yi sauti. Sau ɗaya, daga ƙasa, yadda yake yi a hannun Mama.

Rabon da in ji shi tun tana raye. Na ji kamar in na waiwaya zan gan ta.

"Jinin Yesu!" Barnaba ya yi tsalle ya manne da ƙarfen keken, yana kaɗa hannu a iska. "Kin ji ko? Ya san inda za a kai shi! Na ɗaure ka, na ƙi ka!"

Na zuba masa ido. Sautin da ya sa ni jin uwata, shi ne ya sa shi neman tsari. Nan na gane ba tulun kaɗai zan kai bagade ba. Gobe waƙoƙinta ne, jibi zanenta, gata matan da suka yi min wanka ina jaririya. Duk abin da na san Allah da shi zai zama abin da mijina ke kora da addu'a a cikin gidanmu.

"Owa!" na ce wa mai keken, yadda ake tsayar da mota a Legas. Ya ja gefe ya tsaya, na sauka.

Barnaba ya biyo ni yana ɗingisa ƙafar nan tasa. "Kezi, me kike yi? Mun kusa fa!"

"Ba zan iya ba."

"Don Allah. Na roƙe ki." Ya durƙusa a bakin titi, da wandonsa na coci, a cikin taɓo. "Minti biyar ne a gama."

"Tashi, mutane na kallo. Zo mu je majami'armu. Ka zauna ka ji shi sau ɗaya kawai, kamar da. Ka tuna yadda kake rawa? Aljani ne yake sa ka rawa a lokacin?"

"A lokacin ina cikin duhu."

"Mama ma a cikin duhu ta mutu ke nan?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Shirun nan ya fi min kowace amsa ciwo.

"Ina son ka, Barnaba," na ce, hawaye na shiga bakina. "Allah ya sani ban taɓa son wani ba. Ka aure ni da tuluna. In na mutu, lokacina ne ya yi."

"Ba zan iya ba," ya ce yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Ba zan aure ki in binne ki ba. In kin koma da shi, kin koma ke nan, Kezi."

Na jira ko zai ƙara wani abu. Shi ma ya jira ko zan koma cikin keken. Mai keke ya gaji ya danna hon.

Na juya na kama hanyar majami'armu a ƙafa, ban waiwaya ba, domin na san in na waiwaya zan koma.

Da na isa majami'armu an riga an yi nisa. Na lallaɓa na zauna a bencin baya na 'yan mata, tulun a ƙirjina. Baba na can gaba cikin dattawa. Ya hango ni, ya hango abin da na rungume, ya sunkuyar da kai.

Sai magatakarda ya miƙe da sanarwa. Na manta shaf da maganar shelar aure, shi kuma ba wanda ya gaya masa komai.

"Shela ta farko. Akwai shirin aure tsakanin ɗanmu Barnaba Zakka da 'yarmu Keziya Irimiya." Mata suka rangaɗa guɗa. Ya jira suka lafa, sannan ya ci gaba da abin da ake faɗa kullum ba mai amsawa. "In akwai wanda ya san dalilin da zai hana wannan aure, sai ya miƙe ya faɗa."

Na miƙe.

Wasu suka yi dariya. Magatakarda ya leƙo ta saman tabarau. "Keziya, ke ce amarya, ba ke ake tambaya ba. Zauna."

"Ni ce mai dalilin," na ce. "A janye shelar. Babu auren."

Majami'a ta yi tsit. Na so in ƙara bayani, sai kuka ya ƙwace min. Ina tsaye a gaban mutanen da suka san ni tun ina tsumma, ina kuka da sauti.

Mama Lidiya ce ta rufa min asiri. Ta ɗaga waƙa a hankali, irin wadda ake yi in an je gaisuwar rasuwa, matan suka amsa ɗaya bayan ɗaya don a daina jin kukana. Waƙar da Mama ta fi so ce. Ƙaramin tulun nan ya shigo da muryarsa ta gwangwani, ga gurbin Mama a bencinsu ba kowa.

Na san daidai inda take shigowa da nata bugun. Hannuna ya tashi da kansa, ya tsaya a kan ramin tulun.

Ban buga ba. Ni ba matar aure ba ce.